Neman kalma: me za mu kira "diram kit" da sassanta da Hausa?

Mai gyara:
Assalamu alaikum jama'a. Yau bara na zo yi, amma ta kalma. Sana'ata haɗa ganguna da tayar da tsofaffi, irin na Turawan nan da mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu yana kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu. Su suna ce mata "diram kit". Akwai yara biyu da nake koya wa aikin, kullum bakina rabi Hausa rabi Turanci, har na fara jin kunyar kaina. Na zauna zan rubuta musu 'yar takardar da za su riƙa dubawa, tun a sunan abin na maƙale. Masu jin Faransanci na ce mata "batiri", to idan na ce wa yaro ɗauko batiri, kun san abin da zai kawo min. A taimaka.

Wani ɗalibi:
Yaya, ai ba wani abin wahala. Badujala mana.

Baba makaɗi:
A'a ɗana. Badujala ta 'yan fareti ce, a tsaye ake kaɗa ta ana tafiya, kowa da tasa gangar a rataye. Wannan kuwa mutum ɗaya ne ya tattara aikin mutum uku ya zauna a kai. Ka raba su.

Mai gyara:
Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Asalin abin ma daga nan yake. A Amurka, da, mai babbar ganga daban, mai ƙaramar daban, mai faifan tagulla daban. Da wuri ya yi ƙunci, kuɗin biyan mutum uku ya yi yawa, sai makaɗi ɗaya ya riƙa dukan babbar da ƙaramar duka da sanduna. An yi ta gwada abin takawa iri-iri, amma wanda ya karɓu shi ne na William F. Ludwig da ƙaninsa Theobald, a Chicago, a 1909. Da ƙafa ta karɓi babbar ganga sai hannuwa suka sami sarari, aka yi ta jero musu abin bugawa. Shi ya sa nake ganin ko dai sunan ya fito daga ƙafa, ko daga jerin.

Malama:
Malam, na ga ka riga ka yi rabin aikin. Ga abin da na auna. "Kayan ganga" ya yi faɗi, har igiya da jaka sun shiga. "Tarin ganguna" kamar an zube su a lungu ne. "Rukunin ganguna" daidai ne a ma'ana amma na takarda ne, ba mai faɗarsa da guduma a hannu. "Gangar ƙafa" kuma ta fi dacewa da babbar ita kaɗai. Ni "gangar jere" na zaɓa: gajera ce, tana nuna ba guda ba ce, tana kuma nuna kowace da mazauninta. Jam'i, gangunan jere.

Wani ɗalibi:
Malama, ganga biyar ce fa, yaya za a ce "gangar"?

Malama:
Yadda kake cewa "dundufa" alhali ka san ba ita kaɗai ke tsaye ba, da 'ya'yanta a gefe. Hausa ba ta ƙi a kira gida da sunan mutum ɗaya ba.

Mai gyara:
Gangar jere ta zauna min a baki. Na faɗa sau goma ban ji tuntuɓe ba. To mu shiga ciki, don can ne rigimar take.

Baba makaɗi:
Ciki ai da sauƙi, kada ku wahalar da kanku da ƙirƙira. Babbar da ake takawa uwa ce, uwar ganga. Ƙananan da ke bisa kanta 'ya'ya. Itacen da babu fata a kansa kango muke ce masa. Zoben da ke riƙe fata kirinya. Igiyar da ake gittawa a kan fata don ta yi zuza, zaga. Sanda kuwa makaɗi. Duk muna da su tun kafin a haifi wannan Bature naka.

Mai gyara:
Allah ya ƙara girma, Baba. Zaga ta warware min matsala babba. Ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyin mai kaɗi, mai faɗin inci 14, abin da ya bambanta ta da sauran shi ne wayoyin da ke manne da fatarta ta ƙasa, galibi sili 20 a murɗe. Da can ma ba waya ba ce, tsirkiyar hanji ce, wato zagarmu sak. Sai mu ce mata "mai zaga". 'Ya'yan da ke sama, masu inci 12 ko 13, "'ya'yan sama". Mai inci 16 da ke tsaye da ƙafafunta uku, "'yar ƙasa". Abin takawa kuma "mataki".

Kango ne nake ɗan ja da baya a kansa. Yaran yanzu idan ka ce kango, gidan da ba kowa suke gani.

Malama:
Ai shi ne ma kyawunsa. Gangar da aka kware wa fata, aka cire wa ƙarafa, mene ne ita in ba gidan da masu shi suka tashi ba? Bar shi.

Kafinta:
Ni a nan nake da ja. Kangon Baba sassaƙa ne, gungume ɗaya ake rarakewa. Na Turawa kuwa falle-fallen katako ne ake shafa wa gam a lanƙwasa a cikin mazubi. Na kamfanin Ludwig na shekarun 1960 falle uku ne, katakon mahogani a waje da ciki, katakon fofla a tsakiya, sannan a liƙa zoben katakon mafil a bakin ciki sama da ƙasa don kada ya baje. Kamfanin Gretsch suka koma falle shida, suka yar da zoben. Kamfanin Slingerland kuma a mai zagarsu da suka kira Radio King katako ɗaya suke turarawa har ya yi laushi su naɗe shi. Uku ke nan, ba ɗaya da aka sassaƙa. Duk kango ne?

Baba makaɗi:
Duk kango ne, ɗana. Tulu ko na yumɓu ko na roba, ruwa yake ɗauka.

Mai gyara:
Na bi Baba, sai dai mu ƙara bayani: kangon sassaƙa, kangon falle, kangon turare. Wannan zoben na ciki da Kafinta ya ambata, ni "ɗamara" nake ce wa yarana, don aikinta ke nan, ta ɗaure ƙugu. A tsohuwar ganga ita ce ta farko da nake dubawa. Gam ɗin da ya shekara sittin yakan saki, ɗamara ta rabu da kango, ganga ta riƙa wani karkarwa da ba ka san daga ina yake ba. Sai ka tura sabon gam cikin tsagar, ka matse, ka ba shi kwana.

Amma kalmar da na fi buƙata ita ce ta bakin kangon, daidai layin da fata ke kwanciya a kai. Duk muryar ganga a nan take. Na zamani ana yanke shi da kaifi, kusurwa 45, fata na taɓa itace kaɗan, sai sauti ya fito tsaf, ya daɗe yana amo. Na da kuwa a dunƙule yake, fata na rungumar itace sosai, sai murya ta yi kauri, ta yi ɗumi, ta mutu da wuri. Wannan muryar ce mutane ke nema idan suka ce a haɗa musu irin ta da. Farkon shigata aikin na sami wani tsohon kango, na ga bakinsa ba kaifi, na ɗauka lalacewa ce, na sa sanfefa na gyare shi tas. Da na ɗaura fata sai na ji sabuwar ganga ce ke magana a cikin tsohuwar riga. Abin da na kankare ba ya dawowa. Da ina da sunan wurin nan, da wataƙila na tsaya na yi tambaya.

Wani ɗalibi:
A ce "baki" kawai.

Mai gyara:
Baki shi ne dukan buɗaɗɗen wurin, ƙanena. Ina son in iya ce wa yaro "kada ka taɓa kaza" ya gane tsinin nake nufi, ba ramin ba.

Malama:
Leɓe. Leɓen kango. Ka ga sai ka sami "leɓe mai kaifi" da "leɓe mai kauri", kuma duk wanda ya ji ya san leɓe ne ke gyara magana.

Mai gyara:
Malama, Allah ya saka da alheri, wannan ko ita kaɗai na samu yau na ci riba. Yadda ake gwada shi ma: ka kifa kango a kan gilashi, ka sa fitila a ciki, duk inda haske ya ɓullo leɓe ya ci. Sai dai a mai zaga akwai wuri biyu a leɓen ƙasa, suna fuskantar juna, da aka ɗan rage da gangan don zaga ta kwanta lumui a jikin fata. Wanda bai sani ba sai ya daidaita su ya kashe gangar. Wannan "makwancin zaga" zan kira shi.

Kafinta:
To ƙarafan da ke jikin kango, waɗanda noti ke shiga a ɗaure fata? Mu ce "ƙarfen ɗauri".

Mai gyara:
Kada mu sa ƙarfe a sunan. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Amurka ta taƙaita ƙarfen da za a sa a kayan kiɗa, sai Slingerland suka fito da gangar jeren da suka kira Rolling Bomber, waɗannan abubuwan nata na katako ne. "Kunne" ya fi, kamar kunnen tukunya. Kunnuwa takwas ko goma a mai zaga. Roba mai walƙiya da ake naɗe kango da ita kuwa riga ce, ba gardama. Tsohuwar rigar tana tsukewa, tana tsagewa, kuma wuta take kamawa nan da nan, don haka mai ɗumama ta don ya ɓare ya yi hattara.

Malama:
Saura kalmar da ke gaban duka. Akwai gangar da ta tsufa da gaske, akwai sabuwa da aka yi mata kamannin ta da. Kada su sha suna ɗaya, don mai saye zai cutu. Ta farko "tsohuwar ƙira", ta biyu "ƙirar da". Haka aikin: gyara daban, farfaɗowa daban. Mai gyara so yake ta yi kiɗa, ko da zai huda sabon rami ya sa kunnen wani kamfani. Mai farfaɗowa so yake ta koma yadda ta fito, rami ɗaya da ya ƙara ya rage mata daraja.

Baba makaɗi:
To ita fatar? Na ji kuna ta roba roba. Roba ai ba fata ba ce.

Mai gyara:
Gaskiyarka Baba, amma sunan ya riga ya bi ta. Har tsakiyar shekarun 1950 fatar ɗan maraƙi ake sa wa gangar jere, da damina ta saki, da zafi ta ɗaure har ta fashe. A 1957 Remo Belli ya fito da ta roba, ta mamaye ko'ina. Sai mu ce fatar maraƙi da fatar roba. Tsokaci ga masu farfaɗowa: wasu tsofaffin gangunan Premier na Ingila awonsu bai zo ɗaya da na Amurka ba, fatar yanzu ba ta hawa kansu. A auna kafin a saya.

Wani ɗalibi:
Faya-fayan tagullar fa? Na ga wasu masu fassara sun sa "kuge".

Baba makaɗi:
Kuge baƙin ƙarfe ne, da ƙaho ake dukansa, muryarsa ƙwal-ƙwal. Wannan kuwa cau yake yi ya bazu. Ban yarda ba.

Malama:
"Faifan tagulla" ya isa. Masu kyau kashi 80 jan ƙarfe ne, 20 kuza, irin haɗin da gidan Zildjian, maƙeran faifan da suka fara a Istanbul a 1623, ke yi. Wanda ya gagare ni shi ne biyun nan da ke kife da juna a kan sanda, ƙafar hagu na buɗe su tana rufewa. Na rubuta "faifan taki", sai na tuna takin gona, na goge.

Kafinta:
'Yan tagwaye.

Baba makaɗi:
Matafa. Tafi suke yi.

Mai gyara:
Ni duka biyun sun yi min. Gobe zan ce wa ɗaya yaron ya ɗauko min tagwaye, ɗayan kuma matafa, in ga wanda zai dawo da abin a hannu ba tare da ya tambaye ni ba.