Vape ko cingam ɗin nikotin? Saura wata 2 aurena

Abu Safwan: Assalamu alaikum. Shekara 11 ina shan sigari a ɓoye, kara 15 a rana. Saura wata 2 a ɗaura min aure, ita kuma ba ta sani ba. Sau 3 ina yankewa lokaci guda, a kwana na uku nake komawa. Waɗanda suka gwada vape (sigarin lantarki) ko cingam ɗin nikotin (sinadarin da ke sa mutum ƙishin taba), wanne ya fi riƙe mutum?

Dattijo: Ɗana, yar da kwalin kawai. Niyya ce.

Abu Safwan: Baba, ai sau 3 na yar.

Ɗan Kemis: Kwana na ukun nan ne ƙishin nikotin yake kai maƙura, cikin sati 2 zuwa 4 yake lafawa. Cingam akwai na 2mg da na 4mg. Ka ɗan tauna, ka ajiye a kunci, kar ka yi ta tauna kamar na yara. Kuma ya fi taba araha.

Bala Direba: Araha ina? Wata guda na yi, kuɗin ya ninka na sigarina. Vape ne mai sauƙi.

Sadiƙu: Sai ka fara sayen ruwansa za ka gane.

Nuru: Duk ku bar wannan. Shekara 4 rabona da taba, har yau "Mai Hayaƙi" ake kirana. An sa min rana, wani ya je ya gaya wa mahaifin yarinyar wai ni mashayi ne, aka fasa. Na rantse, na kawo shaidu, ya ce leɓena baƙi ne. Da me zan wanke leɓe? Daren nan saura ƙiris in sayi kwali.

Bala Direba: Da bilic mana, Mai Hayaƙi.

Nuru: Allah ya isa, Bala.

Ɗan Kemis: Hukumar lafiya ta Ingila na ba masu son dainawa shawarar vape, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta yarda ba.

Dattijo: Kai da ba ka taɓa zuƙa ba, me ka sani?

Ɗan Kemis: Likitan haihuwa ma ba sai ya haihu ba, Baba.

Maman Iman: Ni masu shisha ne ke ba ni haushi. Ƙanin mijina sai ya yi awa guda yana busa mana hayaƙi a falo, yara na zaune, amma ya ga mai sigari ya toshe hanci. Wai tasa ƙamshin tuffa take, ruwa ya tace ta. Gawayin fa?

Nuru: Irinsu ne suka kai ni ƙara, wallahi.

Abu Safwan: To jama'a, in gaya mata ko in yi shiru?

Maman Iman: Kafet ɗina ma ya ƙona wuri biyu, ko haƙuri ƙanin mijin nawa bai ba ni ba.