Ina son falo marar tarkace, amma nawa ya yi fayau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da muka tare a sabon gida a Kaduna. Falon ƙafa 12 ne a 14, taga biyu, farin tayil, farin fenti. A gidanmu na taso cikin shokes cike da kwanuka, fulawar roba a kowane lungu, kujeru saiti biyu, sai ka karkace kafin ka wuce. Ni kuwa raina ya fi kwanciya da fili. Sai na sa kujera mai zaman mutum uku, tebur ɗaya, talabijin a bango. Yanzu in ka yi magana har amsa-kuwwa falon ke yi. Ranar da gwaggona ta zo, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Yaushe za a kawo sauran kayan?" Maganar ta tsaya min a rai. Ba na son komawa tarkace, amma ina son baƙo ya shigo ya ji sha'awar miƙe ƙafa. Ku taimaka min da shawara.

Wani mai aikin wayarin:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin ki kashe kuɗi, duba kwalin ƙwan fitilarki. In an rubuta 6500K, wannan farin haske ne mai shuɗi-shuɗi, irin na ofis. Nemi 2700K ko 3000K, haskensu ya yi kama da na fitowar rana. Kuma kada ki dogara da fitilar tsakiyar silin kaɗai, ki ajiye wata mai murfi a kusurwa don dare.

Wata Hajiya daga Zariya:
'Yata, kada ki ji haushin gwaggonki. Abin da take tambaya shi ne, ina mutane za su zauna? Mu ba a yi mana sallama ɗaya-ɗaya. Ranar sallah ko barka mata goma za su shigo lokaci guda, yawancinmu kuma mun fi son ƙasa. Ki sayi kafet babba, wanda ƙafafun gaba na kujerar za su hau kansa. Ƙarami a tsakiyar tayil kamar dardumar da aka manta yake. Babban kafet da labule mai kauri su ne za su shanye amsa-kuwwar nan. Sai tum-tum na fata uku ko huɗu, irin wanda dukawa ke ɗinkawa, akwai su a kasuwar Kurmi in kin leƙa Kano. Nawa sun daɗe ƙwarai, fatar ta yi laushi ta yi duhu inda ake jingina gwiwar hannu, jikokina a kansu suke barci. In baƙi sun tafi ki ɗora su a kusurwa, filinki ya dawo. Tabarma kuma a naɗe bayan ƙofa ba ta tare wa kowa hanya.

Wata mai ɗinkin labule:
Fari a kan fari shi ya sa ɗakin ya yi fayau. Mayar da bango ruwan madara, labule ruwan ƙasa mai haske, yadi marar ƙyalli, a kafa sandarsa kusa da silin ya sauko har ƙasa. Launi uku sun isa. A bango, faifai uku masu kyan saƙa a gefe guda, sauran ki bar shi haka nan.

Wata uwar yara huɗu:
Ni dai ban yarda da kujera ruwan madara ba, Anti, ko an ba ki shawarar haka. Hunturu na zuwa, ƙura ba ta jin rufe taga. Ki sa a ɗinka wa kujerar riga mai zif da za ki cire ki wanke. Kafet mai dogon gashi ma ki guje shi, rumbun ƙura ne. Ni gwado na yafa a hannun kujerata, shi ne adon, shi ne abin rufa da asuba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Jiya na canza ƙwan fitila, na kunna turaren wuta bayan magariba, maigidan ya shigo ya ce ko fenti na sake. Saura kafet. Wane girma zan nema?

Wata Hajiya daga Zariya:
Ki auna, ki bar tayil kamar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu ta kowane gefe. Ki tafi kasuwa da awon a takarda, kuma ki cire takalmi ki taka shi kafin ki biya.