Abin da kwamfuta ta nuna, shi ne ke faruwa a cikin ruwa?

Ɗalibin kemistiri: Jama'a ni fa ina nan a kan bakana, abin da kwamfuta ta nuna shi ne ke faruwa a cikin ruwa. Na watsa molekul ɗin SDS, wani sinadarin sabulu mai kai da wutsiya, guda 60 cikin akwatin ruwa a GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin molekul a kwamfuta, ban gaya musu komai ba, washegari na duba sai ga su sun dunƙule wuri ɗaya, wutsiyoyi masu gudun ruwa sun shige ciki kawuna suna waje. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. In kwamfuta za ta nuna wannan to me ya rage a je yi a lab, wato ɗakin gwaji?

Malamar lab: Ƙanena ba ka gaya musu komai ba kamar yaya? Wa ya rubuta dokokin ja da turin da ke tsakaninsu? Lambobin dokokin nan mutane ne suka yi ta gyara su har suka dace da sakamakon lab. Sannan 60 ka zuba, ko suna son su kai 90 ina za su samo sauran? Kai ka yanke musu girman dunƙulen tun kafin ka danna.

Ɗalibin kemistiri: Amma Malama ai kusan 60 ɗin ne aka auna wa SDS.

Malamar lab: Yawwa, aka AUNA. A ina?

Mai lissafi: Ni abin da ya fi damuna yawan ruwan ne. SDS ba ya fara dunƙulewa sai kaurinsa a ruwa ya kai wajen milimola 8, wato molekul ɗaya cikin na ruwa kusan 7000, ka ga guda 60 za su buƙaci ruwa sama da 400,000, shi ya sa da yawa ake cusa su a ɗan ƙaramin akwati da kauri ninkin ba ninkin don su yi saurin haɗuwa, ka matse su haka dole su rungumi juna mana. Ga kuma lokaci. In da cikakkun zarra ake yi kowane takin lissafi femtosakan 2 ne, wani ɗan mitsitsin lokaci, mikrosakan ɗaya kacal, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, taki miliyan 500 ke nan, alhali dunƙulen ya watse ya sake haɗuwa yana iya cin milisakan, wato mikrosakan dubu.

Dokta: Kun taru kun danne yaron nan, ba haka ba ne gaba ɗaya. A 1977 McCammon da Gelin da Karplus suka fara kwaikwayon motsin furotin a kwamfuta, ko pikosakan 10 bai cika ba, kuma pikosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na mikrosakan. A 2010 injin Anton, wata babbar kwamfuta da aka ƙera don wannan aikin, ya kai milisakan guda a kan wannan furotin ɗin, BPTI. Kyautar Nobel ta 2013 da aka ba Karplus da Levitt da Warshel ba a banza aka bayar ba. Kuma Malama ki faɗa mana tsakani da Allah, wace na'urarki ce ke nuna hanyar da molekul ɗaya ya bi ya shiga dunƙule? Matsakaici kawai take ba ki.

Malamar lab: Wannan na yarda Dokta, ni ma in na ga hotunan nan sai in fahimci abin da awona ke nufi. Abin da ban yarda ba shi ne a ce a rufe lab.

Mai lissafi: Tsaya ma, da wane tsari ka yi?

Ɗalibin kemistiri: Martini.

Mai lissafi: To ka ji. Martini, tsarin lissafi na mutanen jami'ar Groningen a Netherlands, yana haɗa manyan zarra kusan huɗu su zama ƙwallo ɗaya, ruwa ma molekul huɗu ƙwallo ɗaya ne, babu haɗin haidurojin a zahiri, wato jan da ke riƙe molekul ɗin ruwa da juna, alhali tsarin ruwan ne ke tura wutsiyoyin nan su haɗu. Yana da sauri kuma yana aiki sosai, amma tsohon sigarsa an san furotin na manne wa juna fiye da kima, yana cikin abin da Martini 3 ya zo gyarawa a 2021.

Ɗalibin kemistiri: Ban janye duka ba fa, har yanzu ina ganin dunƙulewar gaskiya ce. Amma zancen girman kam kun kama ni. Zan sake da 240 a babban akwati sau uku daga mafari daban-daban. Malama ki taimaka min da awonki in kwatanta.

Malamar lab: Zan turo. Ka rubuto min yawan gishirin da ka sa da zafin ruwan tukuna, don gishiri yana ƙara girman dunƙulen.