Ɗan Zango ya dawo daga Ennedi

Ɗan Zango, Maigatari
Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ba ku ji ɗuriyata ba, na raka maigidana sayen raƙuma arewa maso gabashin Cadi, wajen duwatsun Ennedi da tafkin Arshe. Ga tsarabarku:

Na bar Maigatari ran Alhamis,
Na doshi Fada, ƙasar Tubawa.
Dutsen yashi ne, ja jawur,
Ka kama gefe yana marmashewa.
Da asuba na hau shi ba igiya,
Hantsi ya same ni ina rarrafawa.
Na kai ƙololuwa na duba ƙasa,
Raƙumi ya koma kamar tururuwa.
Saukowa sai ta wani tsagi,
Sai a kaikaice ake shigewa.
Ruwa har ƙirji, sanyi ƙalau,
Rana ba ta taɓa leƙawa.

Baban Kifi, Haɗeja
Kai Ɗan Zango, rage gishiri,
Mun san ka, mun san tsoronka.
Bara a Dala, ga matakala,
Sau uku kana neman numfashinka.
Kai da kududdufi ke kora,
Yau ruwa ne har ƙirjinka?
Ruwan Arshe an ce baƙi ne wuluk,
Da kashin raƙuma ka yi wankanka.

Autan Rano
Gaishe ka Baban Kifi! Wallahi an gama. A kawo tabarma a shimfiɗe Ɗan Zango.

Ɗan Zango
Baban Kifi mai ƙarnin tarwaɗa,
Ƙasarku faifai ce, ba abin hawa.
Tudun da ka sani bai wuce suri ba,
Shi ma da nishi kake hayewa.
Akwai kada a Arshe, cikin hamada,
Na gan shi kwance, ba ya motsawa.
Ka zo da homarka da gorarka,
Mu ga mai kamu da mai kamuwa.

Kai kuma Auta, 'yan kallo ba sa shiga kokawa.

Malam na Ringim
Ni ba ruwana da wanda ya hau da wanda bai hau ba. Amma Ɗan Zango, karinka gurgu ne. "Na doshi Fada, ƙasar Tubawa" gaɓa 10. "Raƙumi ya koma kamar tururuwa" gaɓa 12. Ɗangon ƙarshe kuma 9. Wane bahari ne wannan? Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Yaya ta Birnin Kudu
Allah gafarta Malam, mutum ya dawo daga bakin kada, kai kana ƙirga masa gaɓa? Makaɗan garinmu ba su san aruli ba, kuma har gobe ana rawa.

Malam na Ringim
Su ganga ke riƙe musu kari, Hajiya. Shi da ya rubuta, ina gangarsa?

Autan Rano
Malam ya faɗi gaskiya. Ku auna na Baban Kifi ku gani.

Yaya ta Birnin Kudu
An auna, "Sau uku kana neman numfashinka" ma ɗingishi yake. Zauna, ƙanena.

Malam mai mudu, mai awon baiti,
Ka auna na kowa, ina naka?
Ɗan Zango ƙanena, sannu da hanya,
Amma ka tsallake na ƙofar gidanka.
Ga Dutsen Habude da zanen shanu,
Ka zo ka gani da idanunka.

Ɗan Zango
Godiya nake Yaya. Can ma akwai zanen, shanu da mahaya dawaki da raƙuma a bangon kogo. Har da shi ya sa UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2016. Zan zo Habude in kwatanta, a tanadi fura.

Tsoho na Kazaure
Kwana biyu wayata na wajen caji, sai yanzu na gani.

Yaro, bar su da gardamar kari,
Ni tambayata kan ruwa ce.
Hadari kan zuba a nesa da kai,
Tsagi ya cika, hanya ta ɓace.
Wa ya duba maka sararin sama?
Ko kuwa ƙuruciya ce?

Ɗan Zango
Baba, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wani Batube ne ja-gabanmu, ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas kafin ya ce mu shiga.

Na ƙulle waya a leda, na ɗora a ka,
Laka ta cinye takalmina na dama.
Na ɗaga kai, sai ga kututture
Maƙale a tsagi, gaba uku a sama.
Na ce wa ya kai shi? Ya ce ruwa.
Nan gwiwata ta fara kyarma.
Ayatul Kursiyyu ta kakare min,
Na ja ta sau uku ban kai ƙarshe ba.

Baban Kifi
Alhamdu lillahi, gaskiya ta fito,
Jarumin dutse ya faɗi da bakinsa.
A yi masa karo-karon takalmi,
Ƙafa ɗaya kawai, ta damansa.

Malam na Ringim
Kun gani ko? Yanzu har amsa-amon ya zube. Dama, sama, kyarma, sai kuma "ba".

Ɗan Zango
Allah gafarta Malam, a daidai wurin nan ko Fatiha ce sai ta zube.

Yaya ta Birnin Kudu
Lamba nawa kake sawa?