Wurin aikin da jarida ta fallasa, sunansa yana wankuwa kuwa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jaridu sun buga cewa wani babba a kamfaninmu ya daɗe yana matsa wa matan da ke ƙarƙashinsa da neman lalata. Tun lokacin, in aka tambaye ni inda nake aiki sai bakina ya yi nauyi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, shugabanninmu ba ta yarinyar da aka zalunta suke yi ba, neman wanda ya tsegunta wa 'yan jarida suke. Wuri irin wannan yana dawo da mutuncinsa?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wani yana dawowa, wani ya tafi ke nan. A Fabrairun 2017 wata injiniya, Susan Fowler, ta rubuta yadda ta kai ƙarar manajanta kan neman lalata da ita a kamfanin tasi na Uber, aka ce mata ai mutumin gwani ne a aiki. Zuwa watan Yuni an kori ma'aikata 20, shugaban kamfanin Travis Kalanick ya sauka, wanda ya gaje shi ya sake rubuta ƙa'idojin kamfanin. Uber na nan har gobe. Kamfanin fina-finai na Weinstein kuwa, jaridar New York Times ta fasa ƙwai kan zargin lalata da ake yi wa shugabansa Harvey Weinstein a Oktoban 2017, zuwa Maris na 2018 ya karye. Sunan mai laifin ne a jikin allo, da me za a goge?

Anti_Rabi:
Ƙanwata, ku na ciki ku ne ma'auni. Na waje zai manta, ku kuwa kun ga wanda aka rufa wa asiri. A ranar 1 ga Nuwamban 2018 ma'aikatan Google kusan 20,000 suka bar ofisoshinsu, bayan an ruwaito cewa an sallami wani babban jami'in kamfanin, Andy Rubin, da dala miliyan 90 duk da zargin lalata da ke kansa (shi dai ya musanta). Rufa-rufar ce ta fusata su fiye da komai.

Abu_Hanif:
Su ma 'yan jarida sukan shafa wa kowa kashin kaji, har mai gadi.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne Malam, amma yarinyar nan ta kai kuka ciki kafin maganar ta fita, ba wanda ya saurare ta.

Anti_Rabi:
To ki zuba ido kan abu biyu: ko za su kawo masu bincike daga waje, da kuma ko yarinyar za ta ci gaba da aikinta. In ita aka sauya wa wuri shi yana kan kujerarsa, ki fara duba wani aikin.