Neman regileta mai ƙarko ga Volkswagen Beetle ƙirar 1968

Salamu alaikum, masu aikin wayarin. Motar danamon Bosch gare ta, 12V, 30A, regileta kuma (na'urar da ke daidaita cajin batir) a ƙarƙashin kujerar baya. An sa sababbi biyu na kasuwa: na farko ya tura caji har 16V, ruwan batir ya dinga tafasa, na biyu bakinsa (ƙarfen ciki da ke haɗa wuta da yanke ta) ya manne, batir ya zuƙe cikin dare ta D+ (wayar da danamo ke fitar da wuta ta cikinta), danamo ya yi zafi.

Ban zargi danamon ba. An sauya kabon, kuma da aka taɓa DF (wayar da regileta ke sarrafa danamo da ita) da bodi na ɗan lokaci, caji ya hau nan take.

To, wanne zai tsaya kan 14V? Na lantarki mara baki yana shiga wayoyin asali, 61 (ta fitilar caji) da B+ (ta batir), ba tare da yanka ba? Ko a nemo tsohon Bosch a goge bakinsa?