Abin da 'yan uwa suka ce kan kare gilashin shagon motoci daga rana

Na tattara shawarwarin da aka bai wa ɗan uwanmu mai gina shagon sayar da motoci a Kumasi, wanda gabansa duk gilashi ne.

1. An yi ittifaƙi a tare rana daga waje. Labule na ciki yana rage haske, amma yawancin zafin ya riga ya shigo.

2. Kumasi tana kusa da digiri 7 arewa da ikwaita, rana na bi ta saman kai. Daga Afrilu zuwa Agusta tana karkata arewa, sauran watanni kudu, don haka ɓangarorin biyu duk suna son rumfa.

3. Yamma ce matsalar, domin ranar la'asar tana shigowa a kwance, rumfa ba ta tare ta. A nan aka rabu. Wasu sun ce a jera faifan alminiyam a tsaye, wasu suka ce a liƙa baƙar leda. Ni ina tare da na farko: leda tana duhunta gilashi, mai wucewa ba zai hangi motocin ba, alhali don su aka sa gilashin.

4. Masu walda na Suwame Magazin, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, za su iya ƙera firam ɗin da zai riƙe rumfar da faifan. A bar wurin sa tsani saboda ƙurar hunturu.